Likita Mila na Zariya: Baturen da Ya Bar Zuriya Bai Haifa Ba

1. Gabatarwa

Wanda ya bi ƙasar Mayahi da Tasawa, daga Attantane har zuwa bakin iyaka, yana cigiyar gidan da za a ce wani Baturen Ingila ne ya kafa shi, zai gama yawonsa bai samu ba. Ko ayarin da gwamnatin Ingila ta turo a 1850 ƙarƙashin James Richardson wucewa kawai ya yi. Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, Bajamushe ne, haka ma abokin tafiyarsa Overweg da ya nufi Maraɗi da Gobir. Shi kuwa Richardson ya bi ta Damagaram, ya rasu a watan Maris na wannan shekara kafin ya kai Kukawa. Daga baya yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 suka bar wannan yanki a hannun Faransa, aka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908.

A kudancin iyakar ma, inda Ingila ta yi mulki, zaunannen Bature abu ne mai wuyar samu. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Nijeriya ta Arewa duka a hannun gwamna a matsayin amanar ƴan ƙasa, saboda haka ba a sami Turawa masu mallakar manyan gonaki irin na Kenya ko Rodeshiya ba. Razdan da joji da ɗan kasuwa duk baƙi ne masu jiran ranar komawa gida. Cikin ƴan ƙalilan da suka zauna har mutuwa ta riske su, babu wanda ya kai Walter Miller barin alama, watau mutumin da Zagezagi suke kira Likita Mila. Ya yi kusan shekara 50 a ƙasar, bai yi aure ba, bai haifa ba, amma duk da haka akwai masu amsa sunansa, akwai kuma al'umma guda da take ɗaukarsa uba. Manufar wannan maƙala ita ce bin rayuwarsa, da duba irin zuriyar da ya bari, da abin da lamarin yake nunawa game da ma'anar kalmar zuriya ita kanta a Hausa.

2. Daga Ingila zuwa Kano

An haifi Miller a 1872 a garin Honiton, cikin lardin Devon na Ingila, ya kuma yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. A wannan zamani Hausa ta fara jan hankalin Ingilishi ƙwarai. An kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila don tunawa da John Alfred Robinson, wanda ya rasu a Lakwaja a 1891, ɗan'uwansa Charles Robinson kuma ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya wallafa ƙamus. Abin da ake gaya wa matasan coci shi ne, ga wata babbar al'umma mai birane da fatauci da rubutu, wadda take jiran a zo mata da wa'azi. Da wannan zato Miller ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da C.M.S.

Da yake hanyar ƙasar Hausa ba ta buɗe ba tukuna, sai aka tura shi Tarabulus ya koyi harshen a bakin Hausawan da ke zaune can, fatake da alhazai da ƴantattun bayi. A nan ya gamu da wani yaro mutumin Katsina mai suna Abdul Majid, wanda aka fi kira Audu, da ya taso kan hanyar Makka. Yaron ya zama malaminsa na Hausa, daga baya kuma ya zama ɗan riƙonsa na farko. Ya kamata a lura da wannan tun yanzu: dangantakar Miller da Hausa ta soma ne da riƙon yaro, kuma a kan wannan tafarki ta ci gaba har ƙarshe.

A farkon 1900 Turawa biyar suka tashi daga Ikko ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell: shi kansa, da Miller, da Richardson (ba wancan na 1850 ba), da Dudley Ryder, da Burgin. Sun isa Kano a watan Afrilu, shekara uku kafin sojan Gwamna Lugga su ci birnin. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba. Ya ba su ƴan kwanaki su fita daga ƙasarsa. Suka juyo kudu ta Zariya, suka sauka Girku, inda Ryder ya rasu. Daga nan aka janye zuwa Loko a bakin Binuwai. Zaton da aka yi a Landan ya rushe a ƙofar fadar Kano, Miller kuwa bai taɓa yafe wa sarautar Fulani wannan kora ba.

3. Zama cikin birnin Zariya

Bayan da Turawa suka tuɓe Sarkin Zazzau Kwasau a 1902, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, Miller ya sami izinin zama cikin ganuwa. A 1905 ya kafa gida a unguwar Durumin Maigarke, da ɗakin shan magani da makaranta. Wannan abu ne da ba a saba gani ba, domin Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addini ba, waɗanda suka gaje shi kuma suka fassara alkawarin da hana mishan shiga biranen Musulmi. A Zariya kuwa, babban birni cikin daular Sakkwato, an bar Baturen mishan ya zauna tsakiyar jama'a sama da shekara 20.

Zaman bai kasance na lumana ba. Miller ya iya Hausa fiye da yawancin jami'an mulki, talakawa suna kawo masa ƙara kai tsaye ba tare da tafinta ba, shi kuma yana rubuta wa gwamna. Ta haka ya zama ƙaya a ƙafar razdan da sarki baki ɗaya. Yana cikin waɗanda suka kai ƙarar Aliyu Ɗan Sidi, sarkin da ya ba shi masauki, har aka tuɓe shi a 1920 aka kai shi Lakwaja. Sarkin nan shahararren mawaƙi ne, wanda har yau ake nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i, kuma Zagezagi da yawa ba su manta da hannun Likita Mila cikin faɗuwarsa ba. Duk wanda zai auna mutumin dole ya riƙe fuskokin nan biyu tare: likita mai tsaya wa bawa da talaka, da kuma baƙo mai taurin kai wanda ya jingina da ƙarfin mulkin mallaka don cimma burinsa, yana kuma kallon addinin masu masaukinsa da idon gaba.

Ta fuskar wa'azi, ribar da ya samu cikin birni kaɗan ce. Manya ba su bi shi ba sai ɗaiɗaiku. Waɗanda suka cika gidansa yara ne, kuma daga rafi uku suka fito. Na farko, yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi bayan dokar 1901, waɗanda gwamnati take tarawa a gidajen ƴantattun bayi kamar na Zungeru, tana kuma ba da riƙon wasu. Na biyu, ƴaƴan wasu malamai da Fulani ƴan ƙalilan da suka amince da shi. Na uku, ƴaƴan Isawa.

4. Isawa, Gimi da Wusasa

Isawa mabiyan wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda malaman fada za su yarda. An kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi ɗan Dabo, almajiransa suka watsu zuwa wajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka nemi Miller. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, aka sa wani malamin mishan baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna da su. Sai dai wurin na ƙudan tsando ne. Cikin ƴan shekaru ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna, aka tashi daga wurin, marayun da suka tsira kuma aka kawo su Zariya. Da waɗannan marayu makarantar Durumin Maigarke ta yi ƙarfi.

Gwamnati ta daɗe tana neman a fitar da mishan daga cikin ganuwa. A ƙarshe, a zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, aka ba da fili a gindin dutsen Wusasa, bayan gari, aka koma can a 1929. Guy Bullen, wani matashin limamin coci, shi ya ja ragamar ƙaurar. Aka gina cocin St Bartholomew da jar ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, da baka da azara kamar soron attajiri, aka kafa makaranta da asibitin St Luke. Miller bai so wannan ƙaura ba, domin a ganinsa barin birni amincewa ne da kaye. Abin mamaki shi ne, garin da ake dangantawa da shi fiye da ko'ina, bai zauna cikinsa ba sosai. Ya koma Kano ya duƙufa kan aikin fassara, ya bar C.M.S. a 1935, ya tafi Ingila, amma zama bai yi masa ba, ya dawo Nijeriya a 1939. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.

5. Zuriyar riƙo

A Hausa kalmomin da suka shafi gadon mutum suna da yawa, kuma ba duka suke komawa ga jini ba. Tsatso da iri da jini suna nufin haihuwa. Zuriya, wadda aka aro daga Larabci, ita ma asalinta haihuwa ce, amma a baki takan faɗaɗa ta haɗa duk wanda ya tashi a gida. Sannan ga ɗan riƙo, wanda aka ba mutum ya rena. Ga agola, ɗan matar da aka aura. Ga almajiri, wanda malami yake uba gare shi. Ga bara da yaron gida, waɗanda arzikinsu yake rataye da na ubangidansu. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake cin gado a shari'a, amma duka suna cin suna da mutunci da hanya. Attajirin Kano ko na Maraɗi yakan yi wa yaronsa aure, ya ba shi jari, a ci gaba da kiran yaron da sunan gidan har bayan ran maigida. Miller ya zo da niyyar kafa coci irin ta Ingila, sai ga shi ya kafa gida irin na Hausa, shi ne maigida, yara suna ƙarƙashinsa. Jama'ar Zariya da wannan ido suka fahimce shi, suna cewa yaran Likita.

Wasu daga cikin yaran sun ɗauki sunansa kai tsaye. Henry Miller, ɗaya daga cikin waɗanda ya riƙa, ya zama limamin coci, ɗansa kuma shi ne Bala Miller, makaɗin zamani da aka haifa a Pankshin a 1928, ya rasu a 2003. Akwai abin lura a nan ga mai nazarin sunaye. A al'adar Hausa ba a gadon suna guda daga kaka zuwa jika. Mutum yakan haɗa sunansa da na mahaifinsa, ko na garinsu, ko na sana'arsa, sunan kuma ya canza da kowane ƙarni. Sunan iyali mai ɗorewa rajistar makaranta da ta coci ce ta kawo shi. Yaron da aka raba da iyayensa tun bai san sunan garinsu ba, ba shi da abin da zai ba mai rajista sai sunan wanda ya riƙe shi. Ta haka sunan wani gida na Devon ya zama sunan gidan Hausawa.

Mafi yawa kuwa ba su ɗauki sunan ba, karatun suka ɗauka. Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya bi ta makarantar mishan zuwa King's College ta Ikko da Jami'ar Birmingham, ya zama likita na farko ɗan Arewa. Shi ne shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa lokacin da aka ƙaddamar da ita a Kaduna a 1949, tun tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951; ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya daga 1967, ya rasu a 1977, babban asibitin Kaduna kuma yana amsa sunansa. Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927 cikin zuriyar Isawa, likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya zama ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. John Tafida shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggen labari biyar na farko da aka buga bayan gasar 1933. Yakubu Gowon, shugaban Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, Angas ne daga Filato, amma a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa yake aikin coci. Bai zauna gaban Miller ba, sai dai a kira shi jikan makarantar.

Dalilin wannan fice ba ɓoyayye ba ne. A lokacin da makarantun gwamnati na Arewa suke taka-tsantsan da koyar da Ingilishi, makarantar Miller tana koyar da shi tun daga ƙasa, tana kuma tura yara kudu da Ingila. Da ƴancin kai ya matso aka shiga neman ƴan Arewa masu takardar shaida, sai aka tarar ƙaramin gari guda yana da su fiye da larduna. Amma abin ya zo da tsada. Mutanen Wusasa Hausawa ne a harshe da sutura da abinci, Kirista ne a addini, cikin ƙasar da ake ɗaukar Bahaushe da Musulmi abu guda. Ga ƴan'uwansu na birni sun zama bare, ga Kiristocin kudu kuma Hausawa ne kawai. Wannan tsaka-mai-wuya ita ma tana cikin gadon da uban riƙonsu ya bar musu.

6. Jini ba suna, suna ba jini

Za a fi gane matsayin wannan zuriya in aka gwada ta da ɗaya irin zuriyar da Turawa suka bari a ƙasar Hausa. A ɓangarorin iyaka biyu, jami'an mulki da sojoji da ƴan kasuwa sun ajiye matan ƙasa, sun haifi ƴaƴa, galibi kuma sun tafi sun bar su. A ɓangaren Ingila, wata takardar umarni ta 1909 daga ministan ƙasashen mallaka, Lord Crewe, ta yi barazanar hukunta jami'in da ya ajiye ƙwarƙwara. Abin bai daina ba, sai dai ya koma ɓoye, ƴaƴan kuma suka narke cikin dangin uwa. A ɓangaren Faransa gwamnati ta riƙa tattara irin waɗannan yara a gidajen reno na musamman, har da wanda aka yi a Damagaram, inda ake rubuta da yawansu a matsayin waɗanda ba a san ubansu ba alhali kowa ya san shi. Dokar 1930 ta buɗe musu ƙofar neman zama ƴan ƙasar Faransa, amma ba ta mayar musu da sunan uba ba.

Watau mulkin mallaka ya bar zuriya iri biyu: masu jinin Bature ba sunansa, da masu sunansa ko tarbiyyarsa ba jininsa. Tarihi ya nuna cewa na biyun ne suka ci gajiyar dangantakar. Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ɗauki reno da muhimmancin da ya kusa kai na haihuwa.

7. Zuriyar harshe

Akwai gado na uku, wanda shi ne ya ƙetaro iyaka ya iso Nijar. Tun 1901 Miller ya wallafa Hausa Notes, littafin koyon harshe da jami'an mulki suka daɗe suna amfani da shi. Yana cikin waɗanda suka ba Lugga shawarar a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa maimakon ajami a harkokin mulki. Mutum biyu da suka fi kowa aiki kan boko a farkon zamani, dukansu ta ƙofar mishan ɗin da Miller yake ciki suka shigo kafin su koma gwamnati: Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909 ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, da G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934. Sunan da jama'a suka laƙaba wa sabon rubutun yana nuna yadda suka karɓe shi. An daɗe ana cewa boko daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito, amma Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar algus ko abin yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko.

Babban aikin Miller shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda aka kammala tare da ƴan wasu ƙungiyoyin mishan da mataimaka Hausawa, aka buga a 1932. Yawancin kalmomin addini da ke ciki daga taskar malaman Musulunci aka ɗebo su: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, Zabura, Attaura. Amma a wuri mafi muhimmanci an kauce: an rubuta Yesu Kristi, ba a rubuta Isa ba. Ke nan zuriyar mutanen da aka kashe malaminsu saboda sunan Isa sun sami kansu a cocin da ba ta kiran wannan suna. Sabuwar fassarar da ta fito bayan kusan shekara 50 ta dawo da rabin hanya, ta ce Yesu Almasihu.

Wannan littafi na 1932 shi ne ƙungiyar S.I.M. ta yi aiki da shi a Nijar, bayan ta kafa tasha a Damagaram a 1924, da Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, sannan asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956. A zamanin da lakwal ta Faransa ba ta yarda a yi ko da magana da Hausa cikin aji ba, waɗannan tashoshi suna cikin wurare ƙalilan da Bagobiri ko Bakatsinen Maraɗi zai koyi karanta harshensa da baƙaƙen boko. Rubutun ya daɗe da fita daga hannun mishan: Hukumar Talifi ta Zariya ta gyara shi, ta shigar da baƙaƙe masu lanƙwasa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa shi daga 1939, taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 suka yi ƙoƙarin daidaita shi tsakanin ƙasashe. Mafi yawan masu amfani da shi yau Musulmi ne, da shi ake buga tafsiri da waƙoƙin wa'azi, abin da Likita Mila bai taɓa nufa ba.

8. Kammalawa

A ƙarshen rayuwarsa Miller ya juya kan gwamnatin ƙasarsa. A littafinsa na 1947, Have We Failed in Nigeria?, ya soki mulki ta hannun sarakuna da cewa ya daskarar da Arewa, irin sukar da ƴan NEPU suka ɗauka bayan 1950, ko da yake su daga wata mahanga dabam suka taso. Burin da ya kawo shi, watau juyar da ƙasar Hausa ga addininsa, bai cika ba. Abin da ya rage bayansa shi ne gari guda a gindin dutse, da gidaje masu amsa sunan Miller, da jerin likitoci da malamai da masu mulki, da kuma hannu cikin kafuwar rubutun da yaran Attantane da Tasawa suke gani a allon yaƙi da jahilci. Dukansu ta hanyar riƙo suka zo, tun daga yaron Katsina da ya koya masa gaisuwa a Tarabulus.